Ajiyar Jinin Cibiya: Bitar Tayin da Wani Kamfani Ya Kawo Mana a Zariya

Uwargida tana da cikin wata shida lokacin da wata abokiyar aikinta ta turo mata tallan wani kamfani ta WhatsApp, wanda ya ce yana karɓar jinin da ya rage a igiyar cibiyar jariri da mabiyiya bayan haihuwa, ya daskarar da shi, ya ajiye wa iyali har tsawon shekara 20 ko fiye, domin ranar da wata cuta za ta taso. Da a wani gida ne, wataƙila a karanta a wuce. A gidanmu kuwa akwai yaro ɗan shekara bakwai mai cutar sikila, wanda muka sha kwana da shi a gadon asibiti, musamman idan hunturu ya kankama sanyin Zariya ya shiga ƙashi, saboda haka duk abin da aka ce yana da alaƙa da waraka ba mu da halin kawar da kai daga gare shi. Na shafe kusan wata biyu ina bin diddigin wannan tayi, na zauna da wakilin kamfanin, na karanta yarjejeniyarsu shafi bayan shafi, na kuma kai maganar gaban likitar jini da ke duba yaronmu. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin abin da na gani a wurinsu ya shafi sana'ar gaba ɗaya, kuma iyayen da wani kamfanin daban zai tunkara su ma tambayoyin da za su yi ke nan.

Tushen maganar gaskiya ne, kuma adalci ne a fara da faɗin haka. A cikin jinin igiyar cibiya akwai ƙwayoyin tushen jini, irin waɗanda ke zaune a cikin ɓargo suna haifar da jajayen ƙwayoyin jini da farare da kuma waɗanda ke tsayar da jini idan an ji rauni. Idan ɓargon mutum ya lalace, ko kuma yana ƙera jini mai aibi kamar yadda yake a sikila, likitoci kan kashe shi da magunguna masu ƙarfi, sannan su ɗura wa majinyacin lafiyayyun ƙwayoyi ta jijiya kamar yadda ake ƙarin jini, su kuwa ƙwayoyin su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi su kafa sabon ɓargo. An fara yin wannan aiki da jinin cibiya a shekarar 1988 a asibitin Saint-Louis da ke birnin Paris, inda Farfesa Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro Ba'amurke ɗan shekara biyar mai cutar Fanconi, wata cutar gado da ke lalata ɓargo, dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa, yaron ya warke har ya zama magidanci. Daga lokacin zuwa yau an yi irin wannan dashe fiye da sau 40,000 a duniya, akasari domin sankarar jini da cututtukan jini na gado da raunin garkuwar jiki da ake haihuwar yaro da shi. Ana ajiye jinin a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma binciken Hal Broxmeyer na Jami'ar Indiana ya nuna cewa ƙwayoyin na nan da ransu bayan sun haura shekara 20 a daskare.

Ma'ajiyar wannan jini iri biyu ce. Akwai bankin jama'a, inda uwa ke ba da jinin kyauta kamar yadda ake ba da gudummawar jini a asibiti, ba ta biyan ko kwabo, amma ta sallama shi ke nan, duk majinyacin da ya dace da shi a ko'ina cikin duniya shi za a ba. Akwai kuma bankin 'yan kasuwa, inda iyali ke biyan kuɗin ɗiba da na ajiya shekara-shekara, jinin ya zama nasu su kaɗai. Wanda ya zo mana na biyun ne.

Wakilin kamfanin ya taso takanas daga Abuja, muka haɗu a wani wurin cin abinci da ke PZ bayan la'asar. Matashi ne mai ladabi da haƙuri, kuma ya zo da samfurin akwatin da za a bai wa mai ciki ta ajiye cikin kayan haihuwarta. Kwali ne fari mai girman kwalin takalmi, a ciki akwai jakar jini mai allura a baki da wani ruwa kaɗan da ke hana jinin daskarewa, da 'yan kwalabe na ɗibar jinin uwa domin gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, da wasu ledoji masu kauri da ke daidaita zafi, da wata 'yar na'ura mai rubuta yanayin zafin kwalin tun daga ɗakin haihuwa har ɗakin gwaji. Na ɗauki jakar na jujjuya ta a hannuna, ya ce mini abin da ake samu yawanci bai wuce mililita 60 zuwa 120 ba, wato ko kashi ɗaya cikin huɗu na ledar ruwan sha bai kai ba. A wannan ɓangare ba ni da abin suka. Kayan a tsare suke, bayanin yadda ake ɗibar jinin a fili yake, ya tabbatar mini cewa ba a taɓa jariri kuma uwa ba ta jin zafi, domin sai an yanke cibiya ake soka allurar a ɓangaren da ke haɗe da mabiyiya. Bai ɓoye cewa ɗakin gwajinsu yana ƙasar waje ba, bai matsa mini in sa hannu a ranar ba, ya bar mini yarjejeniyar in tafi da ita gida, kuma duk lokacin da na kira shi daga baya yana ɗauka.

Inda na fara samun damuwa shi ne takardar tallan. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan inshora ce ga rayuwar jaririnka, an kuma jero cututtuka kusan 80 da ake magancewa da ƙwayoyin tushen jini, sikila tana can kusa da sama. Duk uban da ya karanta haka zai ɗauka cewa idan ɗansa ya zo da sikila, jinin da aka ajiye masa shi zai cece shi. Na dubi wakilin na ce, "Malam, ni da uwargida duka AS ne. Idan wannan jaririn ya zo da SS, jinin cibiyarsa zai yi masa magani?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Gaskiya, Yallaɓai, ba zai yi ba." Na yaba masa da wannan amsa, amma babu ita ko a layi ɗaya cikin takardar, alhali ita ce magana mafi muhimmanci ga duk ɗan Najeriya da zai karanta ta. Dalilin kuwa a sarari yake: sikila a cikin ƙwayar halitta take tun ranar da aka ɗauki ciki, don haka jinin cibiyar mai SS shi ma SS ne, mayar masa da shi tamkar zuba ruwan rijiya a cikin rijiyar ne. Ko a sankarar jini ta yara, likitoci ba su cika son amfani da jinin yaron da kansa ba, domin an gano cewa a wasu yaran canjin da ke haifar da cutar yana nan tun suna ciki, sannan kuma ƙwayoyin wani mutum daban su ne ke da ƙarfin yaƙar ragowar sankarar. Mafi yawan cututtuka 80 ɗin nan da jinin wani ake magance su, ba da na mai cutar ba. A shafin baya an kuma kawo galahanga da ciwon suga da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana yaro tafiya a matsayin abin da ake sa rai nan gaba. Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje a kan wasunsu, musamman a Jami'ar Duke da ke Amurka, amma har yanzu a matakin bincike suke, kuma bai kamata a karɓi kuɗin talaka a kan alkawarin da kimiyya ba ta riga ta ɗauka ba.

Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2017, ta fifita bankin jama'a, ta kuma nuna cewa jinin da ke can ya ninka na bankin 'yan kasuwa kusan sau 30 wajen yiwuwar a yi amfani da shi, ta ce ajiyar iyali tana da ma'ana ne idan akwai ɗan gidan da aka san yana da cutar da dashe ke magancewa. Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Ingila ta faɗi makamancin haka tun 2006, Faransa kuwa ta haramta irin waɗannan bankuna na kasuwanci a ƙasarta baki ɗaya.

Bankin jama'a ya samo asali ne a Cibiyar Jini ta birnin New York, inda Dokta Pablo Rubinstein ya kafa na farko a 1992, shekara guda bayan haka aka yi dashen farko da jinin cibiyar wanda ba dangi ba. Ƙa'idarsu mai tsauri ce, domin mafi yawan jinin da ake ba su ba ya kaiwa ma'ajiya saboda ƙarancin ƙwayoyi, sai wanda ya cika sharaɗi ake gwada alamominsa na jiki da ake kira HLA, waɗanda da su ake gane ko zai dace da majinyaci, a sa shi a rajistar da asibitocin duniya ke dubawa. A yau akwai kusan jaka 800,000 a irin waɗannan bankuna, yayin da na 'yan kasuwa ke riƙe da miliyoyi waɗanda galibinsu ba za a taɓa buɗewa ba. Abin da ya fi taɓa mini zuciya a nan shi ne, mutanen Afirka sun fi kowa bambancin alamomin HLA, kuma su ne mafi ƙaranci a rajistocin, shi ya sa baƙar fata mai sankarar jini ya fi kowa wahalar samun wanda ya dace da shi. Jinin cibiya kuwa yana da sassauci, domin ana iya dasa shi ko da alamomi huɗu cikin shida ne suka dace. Idan mutum ya tuna yawan haihuwar da ake yi kullum a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da na Wusasa, zai gane irin dukiyar da za a iya tarawa da akwai wurin tara ta. An kafa rajistar masu ba da ɓargo ta Najeriya a Enugu a 2012, wannan mataki ne mai kyau, amma a Zariya babu bankin jama'a da mai ciki za ta miƙa wa jinin cibiyar jaririnta. Saboda haka zaɓin da ake tattaunawa a Turai da Amurka, tsakanin bayarwa kyauta da ajiyewa da kuɗi, a wurinmu ya koma tsakanin a biya kamfani ko a bar jinin inda Allah ya ajiye shi. Ya kamata kuma iyayen masu sikila su san cewa ko da bankin jama'a yana nan, ba shi ne mafitarsu ta farko ba: a wani gwaji da aka yi a Amurka da jinin cibiyar wanda ba dangi ba, yara biyar cikin takwas masu sikila jikinsu ya ƙi karɓar dashen, har aka dakatar da wannan sashe na gwajin.

Sai batun hanya, wanda a ganina shi ne babban raunin wannan tayi ga mazaunin Zariya. Ƙa'idar da hukumomin tantance bankunan suka gindaya ita ce a daskarar da jinin cikin sa'a 48 da ɗibarsa idan na jama'a ne, ko sa'a 72 idan na iyali ne, domin ƙwayoyin suna mutuwa a hankali muddin suna cikin jaka. Naƙuda ba ta yin alkawari da kowa. Idan ta zo da ƙarfe biyun dare ranar Juma'a, sai gari ya waye a ɗauki kwalin a mota zuwa Kaduna mai nisan kilomita kusan 80, ko zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, daga nan zuwa Abuja ko Legas, a cika takardun fitar da jinin ɗan Adam, a jira jirgin ƙasar waje, a can ma a bi ta hannun jami'an kwastan. Lissafin haihuwar uwargida ya faɗo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ya san hazo kan hana jirage tashi da sauka a Kano da Kaduna, wanda kuma tasa ta faɗo a Maris ko Afrilu yana da zafin da ke kusantar digiri 40 da zai yi fama da shi, alhali kwalin yana buƙatar matsakaicin yanayi, ba zafi ba kuma ba ƙanƙara ba. Da na tambayi abin da zai faru idan kwalin ya makara, wakilin ya ce za a gwada jinin a sanar da mu, idan muna so a ajiye shi haka nan. Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba, domin uba ba shi da ilimin da zai yanke hukunci a kan adadin ƙwayoyin da suka rayu, kuma kamfanin da ke cin riba daga ajiya ba shi ne ya fi dacewa ya ba shi shawara ba.

Na kuma tambayi wanda zai ɗibi jinin. Kamfanin ba shi da ma'aikaci a Zariya, abin da suke yi shi ne su tura wa nas ko ungozomar da ke bakin aiki bidiyon koyarwa, su kuma yi mata ɗan ihsani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa a garin nan ya san ma'aikaciya ɗaya kan kula da mata da yawa a dare guda, kuma mintocin da ke tsakanin fitowar jariri da faɗowar mabiyiya su ne mafi haɗari ga uwa, domin a nan zubar jini ke farawa, wanda yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan. Ban so a ce a daidai wannan lokaci idon ungozoma yana kan jaka da allura maimakon kan matata ba. Ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga jakar idan hannun bai saba ba, abin da kan rage darajar jinin ko ya ɓata shi.

Akwai wani abu da takardar tallan ba ta taɓo ba sam, sai a wurin awon ciki uwargida ta ji shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ɗaure cibiya kafin a cika minti ɗaya da haihuwa, a jira tsakanin minti ɗaya zuwa uku, domin a wannan ɗan lokaci jinin da ke mabiyiya yana ci gaba da kwarara zuwa jikin jariri, yana ƙara masa sinadarin ƙarfe da zai ɗauke shi har kusan wata shida. Wannan jinin shi ne dai wanda kamfanin ke son zubawa a jaka, kuma gwargwadon jinkirin da aka yi, gwargwadon raguwar abin da za a samu. A yankin da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suka yi wa yara katutu, ban ga hikimar hana jaririya jinin da take buƙata yau domin a ajiye mata shi saboda wata rana da wataƙila ba za ta zo ba.

Game da kuɗi, da dala aka yi mana lissafi. Kuɗin farko ya haura albashina na wata shida, ga na shekara-shekara da shi ma da dala ne, kuma wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024 ya san cewa ɗaukar alkawarin biyan dala na shekara 20 ba ƙaramin kasada ba ne ga mai karɓar albashi da naira. Yarjejeniyar ta ce idan aka daina biya na wani lokaci kamfani yana da ikon zubar da jinin, tana ba shi damar mayar da shi wata ma'ajiya ko wata ƙasa, kuma idan ya lalace a hannunsu abin da za su mayar bai wuce kuɗin da aka biya ba. Irin wannan ya taɓa faruwa a ƙasashen da suka fi mu sa ido. A 2019 kamfanin Cryo-Save, ɗaya daga cikin manyan bankunan Turai, ya durƙushe, aka kwashe jinin da ke hannunsa zuwa Poland, iyaye da dama suka daɗe suna neman inda na 'ya'yansu yake. A ƙarshen 2023 ma'aikatar lafiya ta Singafo ta bayyana cewa tankuna bakwai cikin 22 na kamfanin Cordlife sun yi ɗumi fiye da ƙa'ida, jaka kusan 2,200 da ke tanki guda suka lalace. Idan haka ta faru da jinin ɗan Zariya a wata ƙasa mai nisa, ta yaya uban zai bi kadinsa? Na nemi a nuna mini shaidar tantancewa ta AABB ko ta FACT, ƙungiyoyi biyu masu tantance irin waɗannan bankuna, wadda asibitocin dashe ke dubawa kafin su karɓi jini daga wata ma'ajiya, sai aka turo mini wata takardar shaidar ingancin gudanarwa wadda ba ita na tambaya ba. Na kuma tambayi jaka nawa daga cikin waɗanda suka karɓa a Najeriya aka taɓa fitarwa aka yi dashe da su, wakilin ya ce zai tambayi ofis, har yau amsar ba ta zo ba. Kada kuma a manta cewa duk wannan kuɗin ajiya ne kawai, dashen kansa lissafinsa daban ne, kuma ya ninka wannan sau da yawa, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin inda Dokta Nosakhare Bazuaye ya yi na farko a ƙasar nan a 2011, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ya fara a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya, ko a Indiya inda mutanenmu da yawa ke zuwa.

Mahaifiyata, da maganar ta kai kunnenta, ba kuɗi ne ya dame ta ba. Cewa ta yi, "To mabiyiyar fa? Ita ma wata ƙasa za a kai ta?" Na ce, "A'a Inna, jinin kawai ake ɗiba, ita za a ba mu abinmu mu zo gida mu binne kamar yadda aka saba." Ta fuskar addini ma babu cikas, domin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin da aka samo daga mabiyiya da igiyar cibiya don magani da bincike, muddin iyaye sun yarda. Na kawo wannan ne domin kada wani ya ɗauka al'ada ko addini ne suka hana mu.

Hasali ma, mu ne irin iyalin da kowace ƙungiyar likitoci ta ce ajiyar ta dace da su, tunda akwai yaro mai cutar da dashe ke warkarwa ga kuma ƙani ko ƙanwa na tafe. Wannan ne ya sa shawarar ta yi mini nauyi, na kasa barci dare da yawa, har ranar da muka kai yaron asibiti na shimfiɗa wa likitarsa takardun a kan tebur. Ta ɗauki biro ta yi mini lissafi a bayan katinsa. Ta ce yiwuwar 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya su dace a alamomin HLA ɗaya ce cikin huɗu, yiwuwar jaririn ya kuɓuta daga SS kuma uku ce cikin huɗu, idan aka haɗa biyun sai a samu uku cikin 16, wato ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ta ce jaka guda ta fi isar ƙaramin yaro, domin da nauyin jiki ake auna yawan ƙwayoyin da ake buƙata, yaronmu kuwa kullum girma yake yi, kafin mu tara kuɗin dashe mai yiwuwa jakar ta yi masa kaɗan. Sannan ta faɗi maganar da ta warware mini komai: "Abban yara, idan jaririn ya dace da yayansa, ai shi kansa shi ne bankin. Ɓargonsa yana jikinsa, ba ya buƙatar naitirojin, ba ya buƙatar dala." Ta bayyana cewa idan ya ɗan tasa ana iya ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugunsa bayan an sa shi barci, ya mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni, kuma mai AS ma yana iya bayarwa. Dashe daga ɗan'uwan da ya dace shi ne mafi nasara a sikila, inda sama da kashi 90 cikin ɗari na yaran ke rayuwa ba tare da cutar ba.

Ba ta rage wa jinin cibiya darajarsa ba, ni ma ba zan rage ba. Yana hutar da ƙaramin yaro daga allura da maganin barci, kuma bai cika jawo matsalar nan da sababbin ƙwayoyi ke juyowa su yaƙi jikin majinyaci ba, ko da yake ya fi ɓargo jinkirin kamawa. A Ingila hukumar jini ta gwamnati tana ɗibar wa irin iyalinmu jinin cibiya ta ajiye idan likitan majinyacin ya nema, ba tare da an caji iyaye ba. Da a ce asibitin da zai yi wa yaronmu dashe ne ya tsara ɗibar, ya turo ƙwararren da zai yi ta, ma'ajiyar kuma tana kusa da ɗakin haihuwa, da ban yi jinkirin sa hannu ba. Duk iyalin da ke da mai sikila kuma sun riga sun fara magana da cibiyar dashe, shawarata ita ce su tambayi wannan cibiyar kafin su tambayi kowane kamfani, idan ta ce a ɗiba, ita za ta faɗi inda za a kai. Iyalin da ba su da mai irin wannan cuta kuwa, ban ga dalilin da zai sa su biya ba, ko da suna da hali.

Kuɗin da muka fara tarawa mun karkatar da su ga abin da yaron ke buƙata yanzu: maganin hydroxyurea da ba ya yankewa, gwajin jini a kan kari, rigakafin ciwon huhu, maganin kariya daga zazzaɓi, da hoton jijiyoyin kai da ke nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta auku. Binciken da aka yi a Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna cewa hydroxyurea yana rage haɗarin shanyewar ga yaranmu, kuma a ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, yara da yawa ba su samun ko wannan ɗin.

Naƙudar ta zo da tsakar dare a cikin Janairu, hazo ya rufe gari har ba a ganin fitilun motocin da ke gaba a kan hanyar asibiti. Aka haifi mace, ungozoma ta ɗora ta a ƙirjin uwarta ta dakata har igiyar ta daina harbawa sannan ta ɗaure ta yanke, kamar yadda muka roƙa tun a wurin awo. Da asuba ƙanwata ta kai mabiyiyar gida a cikin roba mai murfi, Inna ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta naɗe ta a farin ƙyalle, aka binne ta a bayan ɗaki a gidanmu na cikin birni, kusa da inda aka binne ta yayanta. Da jaririyar ta cika wata shida aka gwada jininta aka samu AS ce. Likita ta rubuta mana takardar gwajin HLA na su biyun, wanda ɗan jini kaɗan ko goge cikin kumatu kawai yake buƙata, kuma mun sa ranar zuwa bayan albashin watan gobe.